Mai Awon Ruwan da Ba Ya Shiga Jirgi

A Namalya in ka ce kana neman Silumesii Mukelabai, sai an yi ɗan kallon-kallo kafin a gane wanda kake nufi. Amma ka ce Mai Awo, nan take a nuna maka gidan da ke bayan coci, mai bishiyar mangwaro biyu a ƙofa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana rubuta wa ma'aikatar ruwa tsayin ruwan kogin Zambezi kowace safiya, kuma ba a taɓa samun ranar da ya bar gurbinta babu lamba ba. Kyan rubutunsa ne ya samar masa aikin tun yana saurayi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da hular aiki wadda rana ta cinye launinta, da biro biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu. Yana son a gaishe shi gaisuwa cikakkiya. In ka rusuna ka tafa masa hannu sau biyu, to zai tsaya yana jiran na uku.

Aikin kansa ba shi da wuyar ganewa. Turaku uku ne na ƙarfe aka kafa daga bakin kogi zuwa saman gaɓa, kowanne da allo mai lambobi. Da rani kogi kan koma cikin kwarinsa, sai mutum ya taka da ƙafa ya duba inda ruwa ya tsaya a turken farko. Wahalar tana lokacin cikowa. Daga Fabrairu fadama gaba ɗaya kan zama ruwa, mu kwashe tukwane da kaji mu koma bukkokinmu na tudu sai Yuni. Turaku biyu su nutse, na ukun kaɗai ke leƙo da kai a tsakiyar ruwa, tafiyar awa guda a kwalekwale daga inda muke.

Shekara goma sha ukun farko Silumesii da kansa yake tuƙawa, a tsaye, kamar kowane namijin fadama. Wata safiya suna dawowa daga turken shi da ƙanensa Lubasi, dorina mai jego ta ɗaga jirgin da su. Shi ya samu ya cafki ciyawar ruwa ya fita. Lubasi sai bayan kwana uku aka tsinto gawarsa. Tun daga ranar, da Silumesii ya sa ƙafa ɗaya a jirgi sai tsoro ya rufe shi, ya janye ta da sauri. Ya gwada a ɓoye ya fi sau goma, bai taɓa kai ƙafa ta biyu ciki ba.

To, a wajenmu namijin da ke tsoron jirgi gara ya bar gari. Ba zaginsa za a yi ba. Waƙa za a yi masa, a rera a wurin daka da wurin biki, jikokinsa ma su gaje ta. Silumesii ya san haka sarai, domin shi ma ya taɓa yin amshin irin wannan waƙa da aka yi wa wani. Sai ya nemo dabara biyu. Duk shekara shi ke karɓar aikin kora shanun gari zuwa tudu da ƙafa tun ruwa bai shigo ba, ya dawo da su bayan ƙasa ta bushe. Aiki ne da kowa ke gudu, don haka har godiya ake yi masa. Sannan ya samo wani tsohon madubin hangen nesa a kasuwar Mongu, ido ɗaya a fashe, ya ce ma'aikata ce ta aiko masa. Kowace safiya ta cikowa sai ya hau babban surin nan na bakin tudu, littafi a hammata, ya kafa madubin wajen kogi ya yi ta gyaɗa kai. Turken da ko mikiya ba za ta hango daga nan ba, shi yake gyaɗa wa kai haka.

Wadda ke zuwa turken matarsa ce. Sunanta Nalishebo, amma tun da ta haifi 'yarsu tilo babu mai kiranta da shi, sai Bo ma Kekelwa, wato uwar Kekelwa. 'Yar masunta ce, ta koyi tuƙi tare da yayanta Situmbeko tun suna ƙanana, makaranta kuwa ko ƙofarta ba ta taɓa shiga ba. A makon da aka binne Lubasi ta tarar da mijin zaune a bakin bukka, littafi a cinya, ya cire murfin biro.

"Me za ka rubuta, Baban Kekelwa?"

"Na jiya zan rubuta, in ɗan ƙara."

"Ruwan ne ya aiko ya ce maka ya ƙaru?"

"Ke meye naki a aikin gwamnati? Lamba ɗaya ma ba ki sani ba."

"Ban sani ba kam," in ji ta. "Amma na san hanyar turken. Rufe biron nan ka jira ni."

Ta ɗora kwandunan kamun kifi a jirgi kamar mai zuwa su, ta tafi. Da hantsi ta dawo da kifi uku da kara guda ɗaya. Ta ce ta daidaita kan karan da kan turken, ta jira sai da ruwan da jirginta ya motsa ya kwanta, sannan ta yi masa tsaga da wuƙa daidai inda ya jiƙe. Silumesii yana da allon lambobi na ajiya a ƙarƙashin gado. Ya jawo shi, ya kwantar da karan a kai, lamba ta fito. Ya rubuta, ya rufe littafin, ya ce mata gobe kada ta makara haka.

Abin da ya ce ke nan, kuma abin da ya ci gaba da cewa ke nan cikowa ashirin da ɗaya. "Na gode" ba ta taɓa fita daga bakinsa ba, domin in ya gode ya amsa cewa aikin nata ne, shi kuwa ko a cikin ɗakinsa bai iya amsa wannan ba. Kunya tana cinsa, sai ya mai da ita faɗa: yau karan ya lanƙwashe, gobe tsagar ta yi faɗi. In ya gama awo sai ta karɓe karan nata, ta ɗaure shi da igiyar kaba a jikin na jiya, kai da kai, har ƙarshen cikowa ya zama asabari guda, ta naɗe ta cusa a rufin bukka. Ya ce ta ƙona su, wani zai gani ya yi tambaya. Ta ce ta sha sanyi a kansu, ba mai ƙona mata.

A waje kuwa Mai Awo sai ƙara girma yake yi. In an taso daga coci shi ake zagayewa a tambaya ko ruwan bana zai kai na bara, ko a fara shirin komawa fadama. Sai ya ɗaga kai sama, ya taɓa biro, ya ba da amsa a hankali kamar mai raba gado. Kuma amsar takan fito daidai, tunda daga karan matarsa ya samo ta.

Matan gari su ma sun samu abin wasa. Mace ta fi kowa sammako, ta fi kowa daɗewa a ruwa, ta dawo da abin da ba zai ƙosar da kyanwa ba. Suka raɗa mata Kifi Uku. A wurin daka, a bakin rijiya, har a ƙofar coci: "Kifi Uku, yau nawa Allah ya bayar? Huɗu? To a taya ta ɗauka." Tana dariya tare da su. Silumesii yana ji daga kan suri, sai ya ƙara manna ido a madubinsa. Akwai ranar da aka yi tsiyar a gabansa wurin shan giya, shi ma ya yi dariya, har ya ƙara da cewa in da kifinta ya dogara da tuni yunwa ta kashe shi. Da ya koma gida ranar ya kasa cin tuwon da ta ajiye masa.

Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, Situmbeko, domin ya sha gamuwa da ƙanwarsa a hanyar turken. Ta roƙe shi ya yi shiru, ya yi, amma ya riƙa ramawa da tsokana. Duk ya bi ta gindin surin sai ya ɗaga murya: "Mulamu, me ka hango mana yau? In ka ga saniyata da ta ɓata bara a can Angola, ce mata ta dawo gida." Mulamu shi ne abin da mijin ƙanwa da yayan mata ke kiran juna, kuma dama akwai wasa a tsakaninsu, don haka kowa ya ɗauka wasan ne.

A cikowa ta ashirin da ɗaya, mako na biyu na Maris, Nalishebo ta tashi da zazzaɓi da tari. Ana yayyafi. Ta zauna a bakin gado tana kallon ƙofa, shi kuma ya ce, ba tare da ya dube ta ba, littafin nan bai taɓa kwana babu lamba ba. Ta ɗaura zane ta fita. Ta kawo karan, ta ɗaure shi a jikin 'yan'uwansa da ƙyar, ta kwanta. Ranar Talata ce. Ran Asabar aka binne ta a tudu. Wurin zaman makoki dattawa suka yabi haƙurinta a taƙaice, sannan suka juya kan mijin, suka ce a dubi mutum, ko ranar da matarsa ke kwance rai a hannun Allah bai fasa hawa suri ya yi wa ƙasa aiki ba. Ya sunkuyar da kai, aka ɗauka baƙin ciki ne. Akwai baƙin cikin, amma kunya ta fi yawa.

Saura wata uku ruwa ya janye. Ya ɗauko littafin shekara shida da suka wuce, shekarar da a ganinsa ruwanta ya yi kama da wannan, ya riƙa kwafar lambobinta kowace safiya, yana ɗan taɓa ƙarshensu don kada su zo iri ɗaya. Hannunsa na rubutu, zuciyarsa na ce masa abin da ta hana ka yi ke nan tun ranar farko.

A Oktoba, lokacin da mun daɗe da komawa fadama kuma rairayi na ƙona ƙafa, wata mota ta shigo Namalya tana nishi. Mace ce ta sauko, Dakta Mwangala Akufuna, malamar jami'a daga Lusaka. Da gani 'yar fadama ce, don ta durƙusa ta tafa wa dagaci hannu yadda ya kamata. Ta ce wajen Mai Awo ta zo. Baƙo irin wannan ba a ɗaki ake ganinsa ba, sai aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaron Silumesii, maza a gaba kan kujeru, mata a baya, gari ya taru. Silumesii ya sa hularsa, ya gyara biro biyun.

"Baba," in ji ta, "shekara huɗu ina zaune da rubutunka, yau dai na ga mai hannun."

Sannan ta juya ga jama'a. "Akwai taurarin ɗan'adam guda biyu da ke bin juna a sama, suna jin nauyin ruwan da ke ƙarƙashinsu, na kogi da na fadama har da wanda ƙasa ta shanye. Da su muke sanin yawan ruwan da wannan ƙasa ta ajiye, mu gaya wa masu madatsa da manoman can ƙasa abin da ke tafe. Akwai wani tauraron kuma da ke ratsawa ta saman kogin nan duk kwana goma, kusa da turkenku, ya auna tsayin ruwan. Amma ba ma yarda da na sama sai mun gwada shi da na ƙasa."

"Ka ji, mulamu," in ji Situmbeko. "Ashe akwai mai madubin da ya fi naka." Aka kwashe da dariya.

Ta warware wata doguwar takarda a kan tabarma, aka danne gefunanta da ɗanyun mangwaro. Layi biyu ne a kai, ja da shuɗi, suna hawa suna sauka tare. Ta ce jan na tauraro ne, shuɗin na littafin Silumesii.

"Turaku goma sha ɗaya na duba a wannan yanki," in ji ta. "Da rani lambar kowa ba laifi. Da cikowa ake gane mutum, don ba kowa ke son tuƙa jirgi da sanyin safiya ba, sai a zauna a gida a ƙaga. Naka kuwa, Baba, ya ba ni mamaki. Da rani, ka yi haƙuri, kamar na kowa ne, lambobinka duk da sifiri ko biyar suke ƙarewa, alamar mutum ya hango daga nesa ya cike. Amma da ruwa ya cika sai ka zama wani mutum daban. Talatin da bakwai, arba'in da ɗaya, arba'in da huɗu. Dubi nan, layin biyu kamar an ɗinke su. Shekara ashirin haka. Da littafinka nake gwada taurarin, kuma da sunanka za a fitar da shi."

Maza suka yi tafi. Dagaci ya ce dama sun san abin da suke da shi a gari. Silumesii kuwa ya kafa ido a kan takardar. Ba a taɓa yabonsa ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa ba sai ranar. Macen da ba ta san shi ba, da wani ƙarfe mai yawo a sama, sun raba aikinsa da na matarsa gida biyu, sun nuna wa gari wanda ya fi kyau.

"Abu ɗaya ne ya kawo ni," in ji Dakta, ta kai yatsa ƙarshen takardar. "Nan. Bana, daga tsakiyar Maris. Jan ya fara sauka, shuɗin yana ta hawa, ba su sake haɗuwa ba sai da rani. Me ya faru a tsakiyar Maris?"

Kowa a gindin bishiyar ya san abin da ya faru a tsakiyar Maris, amma ba wanda ya ga haɗinsa da layin takarda. Situmbeko ya dubi mijin ƙanwarsa, sai tausayi ya kama shi duk da haushin shekara ashirin. Ya yi gyaran murya.

"Dorina ce, Dakta. Akwai wata mai ƙaiƙayin baya, takan zo ta goga jikinta a turken. Da idona na gani. Ita ta karkata shi, daga baya muka miƙar."

Ga hanya an buɗe wa Silumesii. Kai kawai zai gyaɗa, abin da ya ƙware a kai, a watse, ya ci gaba da zama Mai Awo har ya mutu. Ya kuwa gyaɗa.

Fuskar Dakta ta sauya. "Abin da nake tsoro ke nan," in ji ta. "In turke yana motsi a miƙar da shi ba a rubuta ba, to ban san sau nawa ya motsa a baya ba. Turken ne ya kamata ya yi wa tauraro shaida. In shi ma sai an yi masa shaida, ba zan iya tsayawa gaban mutane in ce su dogara da shi ba. Dole in ajiye littafin."

"Gaba ɗaya?" in ji Silumesii.

"Gaba ɗaya, Baba. Ba laifinka ba ne." Ta kwashe mangwaron, ta fara naɗe takardar.

Yana kallon layin shuɗin yana shigewa cikin naɗin, shekara bayan shekara. Kowane hawa da sauka a cikinsa safiyar Nalishebo ce, da sanyinta, da sauronta, da wucewa ta inda dorina ta ɗaga jirginsa. Ta bar masa sunan, ta ɗauki tsiyar mata, ta mutu a kai, yanzu kuma da gyaɗa kai ɗaya ya zubar mata da aikin don ya tsira da hula. Waƙar da ya yi shekaru yana gudu sai ya ga ashe ƙaramin abu ce.

"Turken bai motsa ba," ya ce.

"Mulamu…"

"Bari, Situmbeko. Rufin asirin ya isa haka." Ya cire hular ya ajiye, ya sauko daga kujera ya durƙusa a rairayi, abin da ba a taɓa gani ya yi ba. "Dakta, lambobin da kika ce masu kyau ba nawa ba ne. Nawa su ne masu sifiri da biyar. Rabona da shiga jirgi tun ranar da Lubasi ya nutse. Tsoro nake ji. Madubin nan ko bukkar da ke gabana ba ya nuna min da kyau. Uwar Kekelwa ce ke zuwa turken kowace safiya, ta kawo min awon a jikin kara. A tsakiyar Maris ta rasu, na koma kwafar tsohon littafi. Taurarinku ba su yi kuskure ba."

Wani daga baya ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye. Dagaci ya kau da kai. Sai Bo Namwaka, tsohuwar da ta fara raɗa sunan Kifi Uku, ta ce a hankali kamar mai magana da kanta, "Ashe ba kifi take nema ba." Ta ja zane ta rufe fuska. Daga nan kuka ya bi layin mata. Ba wadda ta dubi Silumesii, kuma da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Can Dakta ta ce, "Kararen nan, Baba, akwai wanda ya rage?"

A motarta suka tafi tudu, su uku da Situmbeko. Silumesii ya taka turmi ya riƙa zaro asabarai daga rufin bukka, duk sun sha hayaƙi sun yi baƙi, har ashirin da ɗaya. Suka warware ɗaya a kan rairayi. Kawunan kararen a jere suke daidai, tsagogin wuƙar kuwa suna hawa a hankali har tsakiya, sannan su sauko. Dakta ta shimfiɗa takardarta a gefe, ta dubi wannan ta dubi wancan, sai ta zauna a ƙasa. Ta zaɓi karare daga shekaru daban-daban ta gwada a allon ajiya, kowanne ya zo daidai da abin da ke littafi. Asabarin ƙarshe ɗan siriri ne, bai kai rabin sauran ba, ƙullinsa na ƙarshe a sake.

"Wannan ya fi littafin ƙarfi," in ji ta. "Zan cire wata ukun da ka kwafa, in rubuta dalili. Sauran ya tsaya." Ta ɗauko biro. "Sunan mai awo?"

"Bo ma Kekelwa."

"Ainihin sunanta, Baba."

Rabonsa da furta sunan ya fi shekara talatin. Ya dubi Situmbeko, Situmbeko ya dubi shanun da ke nesa, wannan karon bai taimake shi ba.

"Nalishebo," ya ce. "Nalishebo Sitwala."

Ta rubuta, ta nuna masa ya ga ko daidai ne. Da za ta shiga mota ta tambaye shi wa zai auna cikowa mai zuwa. Ya juya ya fara naɗe asabaran.

An yi waƙar kuwa, Namalya ba ta barin irin wannan ta wuce. Gajera ce, a kan mutumin da ke hangen Angola da ido ɗaya. Aka daina zagaye shi bayan coci, masu gaisuwa suka koma tafi biyu, shi ma ya daina jiran na uku. Hular bai sake sawa ba. Da Janairu ya yi, aka zo masa da maganar kora shanu, ya ce a nemi wani.

Ruwa ya shigo, ya kewaye gidaje, aka fara loda jirage. Ranar tashi Silumesii ya fito da kara guda da wuƙar matarsa, ya tsaya a bakin ruwa gari na kallonsa. Situmbeko ya matso da jirgi har ya taɓa rairayi.

"Ta wajen turken za mu bi," in ji Silumesii.

"Shiga tukuna, mulamu, sai mu yi maganar hanya."

Da rarrafe ya shiga. Ya zauna a ƙasan jirgin tsakanin tukwane da kejin kaji, inda ake zaunar da tsofaffi da marasa lafiya, ya riƙe gefe da hannu biyu, ya runtse ido. Ya yi amai sau biyu a hanya. Situmbeko ya yi ta tuƙi har suka isa.

"Buɗe ido, ga shi."

Shekara da shekaru daga ƙasa yake ganin turken nan da rani, kansa can sama. Yau ga kan a daidai fuskarsa. A gefe ɗaya fenti ya goge, ƙarfen yana sheƙi, inda Nalishebo take dafawa ta tsai da jirgi. Ya ɗora hannunsa a wurin, ya ga tafinsa ya rufe shi har da saura. Ya daidaita karan da kan turken, ruwa sai tsalle yake yi a jikinsa.

"Jira ya kwanta," in ji Situmbeko. "Haka take yi."

"Ina jira. Ya ƙi."

"Ina zai kwanta kana girgiza min jirgi? Yi numfashi."

Sun daɗe a wurin, har sauran jirage suka ɓace musu. Da ƙyar rawar jikinsa ta lafa, ruwan ya kwanta, ya yi tsagar.

A tudu ya jawo allon ajiya ya kwantar da karan, lamba ta fito mai ƙarewa da uku. Ya rubuta. Sannan ya ɗauko igiyar kaba don ya fara sabon asabari, sai ya tsaya da ita a hannu. Nalishebo ta yi ƙullin nan a gabansa ya fi sau dubu biyu, bai taɓa duban hannunta ba. Ya taka turmi ya sauko da asabarinta na ƙarshe, ya zauna a bakin bukka yana juya shi, yana neman inda igiyar ta shiga da inda ta fita.